Alkohol a Cikin Kayan Shafe-shafe: Me Yake Yi wa Fatarmu?

 

Shugaban wannan zama, malamaina da ke wurin nan, iyayenmu mata da suka ajiye hidimar gida suka zo, ma'aikatan lafiya, 'yan'uwa masu sana'ar kayan kwalliya da gyaran jiki, masu aski, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, da suka ga ya dace a ware zama guda domin fata. Kowa yana ganinta, kowa yana kashe mata kuɗi, amma da wuya a zauna a yi ilminta.

Maudu'in da aka ba ni shi ne tasirin alkohol ɗin da ake sakawa cikin kayan shafe-shafe a kan fatar ɗan Adam. Ina nufin man shafawa, da ruwan goge fuska da 'yan kasuwa ke kira tona, da turare, da ruwan bayan aski, da man kariya daga rana, da sanitaiza da muka saba da ita tun zamanin korona.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan magana. Akwai waɗanda da zarar sun ga kalmar a jikin kwalba sai su jefar da ita, ko da sun saye ta da tsada. Akwai kuma waɗanda ba sa yarda abu yana aiki sai sun shafa sun ji ya yi musu raɗaɗi. Na farko suna asarar kuɗi. Na biyu suna asarar fata, kuma su ne suka fi damuna. Saboda su zan daɗe a wasu wuraren.

Batu na farko: ba a taru an zama ɗaya ba.

A wurin masana sinadarai, alkohol sunan dangi ne mai yawa, kuma halin 'yan dangin ya sha bamban. Kashi uku ne suka shafe mu.

Kashi na farko su ne masu ruwa-ruwa, masu saurin bin iska. Babbansu itanol, wanda ake samu daga rake ko masara ko rogo, ko daga man fetur. A jikin kwalba za ku ga an rubuta Alcohol, ko Ethanol, ko Alcohol Denat., ko SD Alcohol. Waɗannan biyun na ƙarshe itanol ne da aka zuba wa wani abu mai tsananin ɗaci ko makamancinsa domin kada ya shawu. Ɗan'uwansa shi ne Isopropyl Alcohol, wanda malamin asibiti kan goge hannu da shi kafin allura. Duk maganar bushewa da raɗaɗi da za mu yi, a kan waɗannan take.

Kashi na biyu masu maiƙo ne: Cetyl Alcohol, Stearyl Alcohol, da haɗinsu Cetearyl Alcohol. Da za a zube muku su a tafin hannu, fararen ɓarɓashin kaki za ku gani, ba ruwa ba. Itanol ƙwayar kabon biyu gare shi, setil kuwa 16, sitiril 18, kuma wannan tsawon ne ya mai da su abu mai daskarewa. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, shi ya fara fitar da setil a 1817 daga kitsen kan wani nau'in kifin wel. Yau daga kwakwa da kwakwar manja ake yin mafi yawansa. Aikinsu su haɗa ruwa da mai wuri ɗaya, su ba man kauri, su sa fata laushi. Ba sa busarwa, ba sa bugarwa. Ku duba man da kuka fi yabo lokacin sanyi, da wuya ku rasa ɗayansu a ciki. Wanda ya jefar da mai saboda ya ga Cetyl Alcohol ya jefar da abin da zai taimake shi.

Kashi na uku ƙananan baƙi ne da ake sa kaɗan domin hana kaya lalacewa ko domin ƙamshi, irin Benzyl Alcohol da Phenoxyethanol. Na biyun, dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 cikin 100 ba. Matsalarsu ba bushewa ba ce. Wasu mutane ƙalilan jikinsu ba ya ɗaukarsu, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su feso, kamar yadda yake faruwa ga wasu da Lanolin Alcohol da ake samu daga maiƙon gashin tumaki.

Batu na biyu: me ya sa kamfanoni ke zuba itanol?

Ba mugunta ba ce, aiki yake yi musu. Akwai magungunan da ba sa narkewa sosai cikin ruwa, irin sinadarin salisilik da ake maganin ƙurajen fuska da shi, amma cikin itanol nan da nan suke narkewa. Yana kashe ƙwayoyin cuta. Yana sa mai ya yi shara-shara, ya bushe da wuri, kada ya yi danƙo, abin da duk wanda ya taɓa shafa man kariya daga rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai fahimta. Shi ne yake ɗaukar ƙamshin turare ya tashi da shi, shi ya sa mafi yawan abin da ke cikin kwalbar turaren fesawa itanol ne. Sannan yana buɗe wa magani hanya ya ratsa fata. Da gangan ake amfani da wannan hali nasa a ruwan minoksidil na masu sanƙo da wasu magungunan da ake liƙawa a jiki. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Akwai kuma dalilin da ba a rubutawa. Itanol yana sa mai saye ya ji wani abu nan take: sanyi, da ɗaurewar fata, da ɓacewar ƙyallin maiƙo. Ciniki kuwa da wannan jin ake yin sa.

Batu na uku: mece ce fata, kuma me itanol ke yi mata?

Saman fatar nan da kuke taɓawa wani siririn shimfiɗi ne wanda a yawancin jiki kaurinsa bai kai rabin silin gashi ba. Matattun ƙwayoyin fata ne jere bisa jere, hawa 15 zuwa 20. Masana sukan kwatanta shi da katanga, kuma mu da muka san ginin ƙasa mun fi kowa gane kwatancen. Ƙwayoyin su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Kusan rabin wannan maiƙon wani sinadari ne da ake kira seramaid, sauran kolestarol ne da dangin kitse. Muddin kwaɓin yana nan, ruwan jiki ba ya tsiyayewa waje, ƙazanta da ƙwayoyin cuta ba sa shigowa. Idan ya zaizaye, tubalan suna nan amma katangar ta zama rariya.

Itanol mai narkar da maiƙo ne. Idan aka jiƙa auduga da shi aka goge fuska, zai kwashe maiƙon saman fata, kuma in yana da ƙarfi ana maimaitawa, yana iya taɓa na tsakanin tubalan. Sannan ya bi iska da sauri, ya bar fata ta fi yadda ya same ta bushewa. Sanyin nan da kuke ji ɗumin jikinku ne yake ɗauka yana tashi da shi. Ɗaurewar da kuke ji bayansa bushewa ce. Ramukan fuska ba su tsuke ba, kuma maiƙon zai dawo cikin 'yan sa'o'i, domin kafofin da ke samar da shi suna can ƙasa inda auduga ba ta kaiwa.

Amma adalci ya wajaba, ko ga sinadari. An cika intanet da cewa alkohol yana kashe fata yana tsofar da ita. Da yawan wannan tsoron ya samo asali ne daga gwajin da aka yi a kan tsirarun ƙwayoyin fata cikin faranti a ɗakin bincike, inda babu katangar da na ambata, kuma itanol ɗin ba ya samun damar bin iska kamar yadda yake yi a jiki. Da aka gwada a kan mutane masu rai, abin da aka gani ya fi haka sauƙi. A 2007 Harald Löffler da abokan aikinsa a Jamus sun buga bincike a mujallar likitocin fata ta Birtaniya. Sun tarar alkohol yana rage danshin fata ƙwarai, amma bai rusa katangar ba kamar yadda sinadarin kumfa ya yi, kuma wanki da sinadarin kumfa ya fi shi ɓata fata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2009, ta fifita goge hannu da alkohol ga ma'aikatan asibiti idan hannun ba shi da dattin da ido ke gani. Ku lura da haɗin da hukumar ta bayar: itanol kashi 80, sannan gilisarin kashi 1.45. Me ya kawo gilisarin? Domin ya rama wa fata danshin da itanol zai ɗauke. Ashe abin da aka haɗa itanol da shi yana da muhimmanci kamar itanol ɗin kansa.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, lafiyayyar fata tana jure ɗan itanol cikin haɗi mai kyau. Abin da ke shiga jinin babban mutum ta fata kuwa ɗan mitsitsi ne, don mafi yawansa iska yake bi. To, wa ke da lafiyayyar fata, kuma a wane wata?

Batu na huɗu, kuma shi ne zuciyar laccar: raɗaɗi.

Iyayena mata, sau nawa kuka ji an ce, "Bar shi ya yi zafi, aiki yake yi"? Masu aski, sau nawa kuka watsa wa yaro sifirit a ƙeya, ya zabura, kowa ya gamsu an kashe cuta?

Ga abin da yake faruwa. A bakin jijiyoyin fata akwai kafofin jin zafi da masana ke kira TRPV1. Su ne barkono ke tayarwa, kuma gano su na cikin abin da ya ba David Julius kyautar Nobel a 2021. A ƙa'ida ba sa motsi sai zafi ya kai wajen digiri 42 a ma'aunin Salshiyas. A 2002 masu bincike suka nuna cewa itanol yana sauko da wannan iyaka zuwa wajen digiri 34. Zafin jikin mutum kuwa 37 ne. Kun ga ke nan da zarar itanol ya isa ga jijiyar, ɗumin jikinka kaɗai ya isa ya sa ta kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ƙuna.

Yanzu ku yi tunani. Ta yaya itanol zai isa ga jijiya, alhali jijiyoyin suna ƙarƙashin katanga? Sai in akwai tsaga. Kowa ya san haka tun lokacin korona: ka shafa sanitaiza lafiya lau, sai ranar da ta sami wani ɗan yanka da ba ka ma san da shi ba. Saboda haka idan kika goge fuska da tona kika ji ta ɗauki raɗaɗi, saƙon shi ne fatarki ta riga ta tsattsage. Wani abu ya riga ya yi ɓarna, ko sabulu mai kaifi, ko dirza da soso, ko ruwan zafi, ko man bilicin, ko iskar hunturu. Itanol ya zo ya tona asiri ne, sannan ya ƙara bushewa a kan bushewa. Wanda ya ji wannan raɗaɗin ya ƙara zubawa, ya ji ƙararrawar gargaɗi ne ya ɗauka kiran ci gaba ne.

Kashe ƙwayoyin cuta ba shi da alaƙa da jin zafi. A kan lafiyayyar fata itanol yana kashe su ba tare da ka ji komai ba sai sanyi.

Batu na biyar: fatarmu da yanayinmu.

Yawancin kayan nan an tsara su ne a ƙasashen da iskarsu ke da laima. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Kano ko Katsina ko Damagaram, danshin iska da rana kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da kanta tsotse fata take yi, shi ya sa kaushi da faso da fashewar leɓe. Ƙara da wanka da ruwa mai zafi. Ƙara da sabulun da ke da kaifin alkali, alhali fata ta fi son ɗan tsami-tsami, ma'auninta wajen 5, na sabulun sanda kuwa 9 zuwa 10. Ƙara da cewa muna jiƙa fuska da hannu da ƙafa sau da dama a yini domin alwala, iska kuma ta busar. Fatar da ke cikin wannan hali, me za ta yi da tonar da rabinta itanol ne? Kwalbar da ta karɓe ki a watan Agusta tana iya zame miki matsala a watan Janairu, ba tare da an canja komai a cikinta ba.

Sai kuma launi. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a da dole mu sani: duk inda ta fusata, sai ta bar tabo. Ƙwayoyin da ke samar da launi suna amsa kumburi da ƙara zubo launi. Inda Bature zai yi ja na kwana biyu ya koma daidai, mu sai wurin ya yi duhu, ya ɗauki watanni, in ya yi zurfi har shekaru. Kuma jan da ke nuna fata ta fara fusata ba ya fitowa sarai a jikinmu, sai mu ci gaba da abin da muke yi har sai tabon ya bayyana.

Ga yadda abin ke tafiya, kuma na tabbata akwai waɗanda za su gane 'ya'yansu a ciki. Budurwa ta fara ƙurajen balaga. Aka ce mata maiƙo ne da datti. Ta sayi sabulu mai ƙarfi, ta dirje, ta bi da tona mai yaji safe da yamma, wata ma sifirit ɗin kemis take ɗigawa. Ƙurajen ba su tafi ba, domin tushensu toshewar kafar gashi ne da sinadaran balaga, ba ƙazanta ba. Fuska ta bushe, tana saɓa, kowane ƙurji ya bar baƙin tabo. Sai wata ta ce mata ga haɗi mai goge tabo cikin mako guda. Daga nan an shiga wani babin.

Haɗin nan da ake ɗurawa a robobi marasa suna, sau da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki irin kulobetasol, ko haidirokwinon, wani lokaci har da makuri. Tarayyar Turai ta hana haidirokwinon cikin kayan kwalliyar fata tun farkon shekarun 2000, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan bilicin. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da nankarwa da sabbin ƙuraje. Haidirokwinon in aka daɗe a kansa yana iya barin wani baƙi-ƙirin a kumatu mai wuyar magani. Makuri kuwa ƙoda da jijiyoyi yake taɓawa. Ku tuna abin da na ce ku riƙe: itanol yana buɗe hanya. Wadda ta goge siririyar fata da tona mai itanol, sannan ta bi da wannan haɗin, ta sauƙaƙa wa gubar shiga. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin yana ci mini rai, domin da an bar ƙurajen farko an yi musu magani mai sauƙi da haƙuri, da ba a kai nan ba.

Maza, ku ma kuna ciki. Ƙurajen aski da ke fitowa a haɓa da wuya, gashi ne mai murɗewa yake lanƙwasowa ya soki fata. Sifirit ba ya miƙar da gashi. Maganin shi ne a daina ƙwalƙwale gemu har ƙasa, a bar ɗan tsiro, a bi kwanciyar gashi, a shafa mai bayan aski. Sifirit yana da amfani wurin goge kilifa bayan an kakkaɓe gashi, a bar shi ya jiƙa ta sosai ya bushe da kansa. Reza kuwa kowa da sabuwarsa, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini.

Turare kuma, ku fesa a tufa. Wasu mayukan ƙamshi, musamman na lemon bagamot, idan suka haɗu da rana a kan fata suna barin baƙin shati a wuya. Masu kirci da masu fata mai saurin fusata su ma su nisanci duk abin da itanol ya yi yawa a ciki, haka likitocin fata ke ba da shawara.

Batu na shida: wuraren da babu sassauci.

Jarirai. Fatarsu ba ta gama ƙwari ba, balle bakwaini, kuma faɗin fatarsu yana da yawa in aka gwada da nauyinsu. Likitoci sun rubuta labarin bakwainin da alkohol ya ƙona musu fata, da yaran da suka suma bayan an goge musu jiki da shi domin saukar da zazzaɓi, saboda ya shiga ta fata da ta numfashi. Kada a yi wa yaro haka ko sau ɗaya. Game da cibiya, mun daɗe da sabo da sifirit, amma abin da hukumomin lafiya a Najeriya suka koma kai shi ne man kulohekzidin mai ƙarfin kashi 4. Ungozomomi ku taya mu isarwa, kuma ku ja kunne: na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2019 saboda jariran da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, wasu har suka makance.

Buɗaɗɗen ciwo. Alkohol na goge lafiyayyar fata ne. In aka tuttula shi cikin rauni yana lalata naman da ke ƙoƙarin haɗewa. A wanke da ruwa mai tsabta sosai, a rufe, in ya yi zurfi a tafi asibiti.

Wuta. Wadda ta fesa turare ko ta shafa sanitaiza, ta bari ya bushe kafin ta nufi risho ko gas ko kaskon turaren wuta.

Sai metanol, mugun ɗan dangin. Yana makantarwa, yana kisa, kuma yana ratsa fata. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi a kan sanitaizoji da aka samu da shi, yawancinsu daga Meziko. Sifirit ɗin masana'antu ma da shi ake gurɓata shi. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu sayen ruwan da aka ɗura a kwalba babu suna babu lamba.

Batu na bakwai: na san akwai masu tambayar tsarki da salla a ransu.

Fatawa ta malamai ce, ga su nan a zaune. Abin da zan ajiye musu shi ne bayanin kayan. Setil da sitiril kaki ne, ba sa sa maye ta kowace fuska, ba su da haɗi da giya. Maganar a kan itanol take. Sananne ne cewa mafi yawan malaman fiƙihu suna ganin giya najasa ce, wasu kuma irin Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani, suna ganin haramcin a sha yake, jikinta ba najasa ba ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a Janairun 2002, ta halatta amfani da alkohol wurin tsabtace fata da kashe ƙwayoyin cuta da kuma cikin mayukan shafawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga turaren mai nan da mayuka marasa itanol, bai rasa komai ba.

Batu na takwas: me za a yi in an koma gida?

A juya kwalba a karanta bayanta. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai kan waɗanda ba su wuce kashi 1 ba. Na farko yawanci Aqua ne, wato ruwa. In kun ga Alcohol Denat. a na biyu ko na uku, yana da yawa. In yana can ƙarshe, da wuya ya dame ku. In an rubuta babu alkohol a gaban kwalba, itanol ake nufi, don haka kada ku ce an yaudare ku in kun ga Cetearyl Alcohol a baya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Sabon abu, a gwada shi a ɗan wuri a cikin dantse, sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10, kafin a kai shi fuska.

Mai fata mai maiƙo da ke son man rana mai shara-shara, in yana shafawa ba raɗaɗi ba saɓa, ya ci gaba. Kariya daga rana ma tana cikin abin da ke hana tabo ƙara duhu. Wanda likita ya rubuta wa magani mai itanol shi ma ya ci gaba.

Wanda kuwa fatarsa ta riga ta fara yaji, ya ajiye komai na tsawon mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon lokacin da fata ke ɗauka ta sabunta samanta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu marar kaifi, ba dirza. Da an fito wanka, tun jiki da sauran danshi, a shafa mai. Man kaɗanya namu yana da kyau a jiki. Basilin yana tare fiye da kashi 90 na ruwan da ke fita ta fata. Gilisarin a sirka shi da ruwa, a bi da mai a kai, musamman da hunturu. Mai yawan ƙurajen fuska ya zaɓi mai marar nauyi domin fuskar. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi mai sitiroyid kuwa, kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin fatar kan yi bore. Ta ga likita ya sauko da ita a hankali, kuma don Allah ta tafi da robar haɗin, ba tare da jin kunya ba.

'Yan'uwa masu shago da masu gyaran amare, roƙona gare ku: idan mai saye ta dawo ta ce abin yana yi mata zafi, kada ku ce ta daure. Ku ce ta dakata, ku tambaye ta me take shafawa kafin shi da bayansa.

Shugaban zama, a nan zan tsaya.   Yanzu fili naku ne. Duk mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma wanda ya zo da kwalbar mansa a jaka ya miƙo ta, mu karanta bayanta tare.